Alhaji Kafin Ci da Adakar Maigida Isuhu

Ko na manta da rabin abin da na gani a sana'ar fenti, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka ɗora adakar maigidana Isuhu a amalanke aka kai ta ƙofar gidan mai unguwa za a banka mata wuta. Ku da kuke aiki a ateliyen nan, shagon fentinmu, kun san adakar, ita ce kuke zama a kai kuna cin dambu kuna goge hannu a jikinta. To ku matso ku ji yadda ta tsira, don na lura wasunku sun ɗauko halin da ya kusa halaka ta. Bambancin kawai, ku da salula kuke yi, shi da almakashi.

Lokacin ni ne na biyu a ateliye. Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayanin yadda muke raba aiki. Allon shago hawa uku ne. Akwai shimfiɗa, wato a kankare allo ko bango a shafe shi da farin fenti, wannan na sababbin shiga ne. Akwai rubutu, wannan nawa ne, don na ɗan taɓa lakwal, wato boko, har na iya jera baƙaƙe ba su hau kan juna ba. Sai fuska da jiki, su kuwa ba mai taɓawa sai maigida. Duk wani kan mutum da ke allon masu aski na Dakoro a zamanin, duk wani zaki da ke bayan babbar mota mai zuwa Maraɗi, hannun Isuhu ne. Zakinsa dai ya fi kama da bunsurun da aka ɓata wa rai, don bai taɓa ganin zaki ba, amma a fuskar ɗan Adam ban ga na biyunsa ba.

Sai dai maigida ba ya iya zana komai da ka. In ka ce ya zana maka matarsa ba ya kallonta, raƙumi zai fito. Dole sai ya ajiye hoto a gabansa, kuma nan adakar ta shigo. Tun yana saurayi yake tara hotunan jarida. Mutum ne da zai sayi tsire ba don yunwa ba, sai don ya hango hancin wani a takardar da ake naɗewa. Ya ci naman, ya lashe yajin, ya miƙe takardar a cinya, ya sa aljihu. Direbobi na kawo masa jaridun Yamai, fatake na kawo na Katsina da Kano, masu gadin gidajen poroje na ƙungiyoyin agaji kuma in Turawansu sun tashi sai su kwaso masa mujallu masu sheƙi. Duk Dakoro an san in ka ga Isuhu ya duƙa a bola, ba taɓuwa ya yi ba, aiki yake.

Abin da ya samo sai ya yanka ya rarraba a jakunkunan da ya ɗinka da takardar siminti. Akwai jakar masu gemu, jakar masu tumbi, jakar ramammu, jakar tsofaffin mata, jakar dariya, jakar 'yan kokowa. Akwai jakar shugabannin da aka tuɓe, ita ce ba ta taɓa ramewa ba, don duk bayan 'yan shekaru sai ta yi baƙo. Dokarsa biyu ce. Ta farko, duk rubutun da ke ƙasan hoto ya yanke ya yar, wai rubutu ƙaryar mai jarida ce, fuska ita ce aikin Allah. Ta biyu, in mutum biyu ko uku suna hoto ɗaya sai ya raba su, kowa ya tafi jakarsa, ko da almakashi zai bi ta kan hannun wani. In na ce masa, maigida, ai tare suke, sai ya ce mutumin jarida ba shi da dangi. Wannan magana na ji ta a bakinsa har ta gundure ni.

In aiki ya zo, haɗa-haɗa yake yi. Ya ɗauko gemun wani malami, ya ɗora a haɓar wani ɗan ƙwallo, ya ara masa idon wani janar. Abin da zai fito mutum ne sak, amma ba uwar da za ta ce nata ne. Da haka ya shekara da shekaru yana aiki ba wanda ya taɓa kai ƙararsa.

Sai ga Hajiya Balki. Hajiya tana da rumfar tuwo da shinkafa a bakin tasha, wata kuma ta zo ta buɗe tata dab da ita ta fara janye mata direbobi. Hajiya ta ga irin tallar maganin ƙiba da ake turowa a salula, sai ta ce ita ma haka take so. A zana mata ramamme zai shiga rumfarta, a zana mata ƙato yana fitowa yana sakace. Ta ce ramammen ya rame sosai, wanda duk ya gan shi zai ji cikinsa ya yi kuka.

Ƙaton bai ba mu wahala ba. Maigida ya ɗauko tumbin wani minista na wata ƙasa, ya haɗa da wuyan ɗan kokowa da kan wani mawaƙi, kafin azahar mutum ya tsaya da ƙafarsa. A kan ramammen ne maigida ya zazzage jaka yana ta tsaki, har ya ci karo da wani hoto na mujalla mai sheƙi. Saurayi ne tsaye da ƙwarya ba komai a ciki, riga ta yage, haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa. Kunnensa na hagu a tsage, da tabo ya ratsa girarsa, ga wushirya. A kafaɗarsa akwai hannun wata mace da munduwa, almakashi ya yanke shi daidai wuyan hannu. Na tambayi maigida hancin wa za mu ara masa. Ya ɗaga hoton ya duba ta haske, ya ce wannan Allah ya riga ya gama aikin, wanda ya ƙara wani abu ya ɓata. Ya ce ai daga gani ɗan can gabas ne, ƙasashen da ake yaƙi. Ya kwafe shi yadda yake, kunne da tabo da wushirya, hannun macen kawai bai zana ba don ba shi da amfani a tallar tuwo. Ni kuma na zo na rubuta KAFIN CI a ƙasan ramamme, BAYAN CI a ƙasan ƙato, har da ɗan lanƙwasa a wutsiyar baƙaƙen don in burge.

Muka kafa allon ana gobe kasuwa. Ranar kasuwa tun da hantsi mutane suka cika gaban rumfar. Hajiya ta ɗauka tuwonta ne ya yi kira, tana ta aika a ƙaro itace. Ashe wani tsohon dillalin shanu ne ya tsaya ya ƙura wa allon ido, ya tofar da goro, ya ce wannan ai Tanko ne.

Ku yaran yanzu kun san Alhaji Tanko da tsufa, ba ku san shi lokacin da yake ji da kansa ba. Shi ke loda shanu mota-mota ana kaiwa kudu. In ya zo taro kujerar roba biyu ake haɗa masa ɗaya cikin ɗaya, ita ma tana nishi. Ba ya maganar baya. Abin da matasa suka sani shi ne wai ubansa ya bar masa garke. Tsofaffi kuwa sun san cewa shekarar da fari ya kashe dabbobi, gidansu sun taso daga wani ƙauye bayan Korahane ba su da ko akuya, suka shiga layin rabon abinci a nan Dakoro. Shekarar ce Turawa 'yan jarida suka cika garin, kowa da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Tsofaffin ba su taɓa tayar da zancen ba, don bakin da ya ci goron mutum ba ya tona shi. Amma ƙiba ba ta ɗinke kunne, ba ta share tabo. Duk wanda aka nuna wa sau ɗaya, ya gani.

Kafin a sauko daga masallaci hoton allon ya zaga salular kowa. Wani ɗan banza ya haɗa shi da hoton Alhaji na wurin wani biki, gefe da gefe. La'asar ba ta yi ba suna ya kama, Alhaji Kafin Ci. Har a kasuwar shanu, in an taya sa ramamme sai a ce wannan ai kafin ci ne, a fashe da dariya, a waiga a ga ko yaran Alhaji na kusa.

Wanda ya zo mana ateliye Sale ne, ƙanen Alhaji, autan ɗakinsu. Alhaji ne ya rene shi tun yana ƙarami, shi kuma Sale a kan yayansa ba ya ji ba ya gani. Ya tsaya a ƙofa yana huci, ya kira maigida sunayen da ba zan maimaita a gabanku ba, ya ce sai mun kwana a kwamisariya hannun 'yan sanda. Dattawan layinmu suka ba shi haƙuri suka ce ba a tsallake mai unguwa. Haka tsarin yake: rigimar maƙwabta ana fara kai ta gaban mai unguwa, in ta fi ƙarfinsa ta wuce fadar sarki, sai an rasa yadda za a yi ake kai wa masu kaki. Aka ce mu zo gobe da hantsi, kuma mu zo da adakar da ake cewa a cikinta maigida ke ɓoye mutane.

Muka ɗora ta a amalanke, jaki na ja, maigida na biye yana riƙe da murfin kamar mai rakiyar gawa. Muka tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi. Ga mai unguwa, ga dillalai, ga Hajiya Balki, ga 'yan kallo da ba wanda ya gayyace su. Alhaji Tanko na zaune a kujerarsa biyu, carbi a hannu, ko kallonmu bai yi ba.

Hajiya aka fara tambaya, nan take ta zame ta bar mu. Ta ce ita ramamme ta ce a zana mata, ba ta ce Alhaji ba, ita ina ta san Alhaji ya taɓa ramewa. Amma da aka yi zancen sauke allo sai ta ce a dai duba, don jiya tun kafin azahar tukunyarta ta ƙare. Aka juyo kan maigida. Ya rantse da abin da zai kashe shi bai san ko wane ne ba, ya yi bayanin jakunkunansa ɗaya bayan ɗaya, mutane na ta ƙunshe dariya. Da ya ga kamar ana saurarensa sai bakinsa ya zarce, ya ce ai shi a saninsa mutumin jarida ba shi da dangi. Mai unguwa ya nuna Sale da sandarsa ya ce, to ga danginsa nan sun zo.

Hukunci bai ɗau lokaci ba. A shafe allon yau, maigida ya ba Alhaji haƙuri a gaban jama'a, adaka kuma a ƙone ta. Mai unguwa ya ce yau Alhaji ne, gobe wa ya san wanda zai fito daga ciki, shekarar farin nan ba gidan da bai shiga layi ba. Da ya faɗi haka sai na ga dattawa da yawa sun sunkuyar da kai, na gane ba don Alhaji kaɗai ake son wutar ba. Sale kuwa dama ya zo da shirinsa, kwalbar isansi ce a hannunsa, fetur irin na bakin hanya, har ya cire murfin ya zuba a hannu garin sauri.

Maigidana mutum ne mai surutu, ko barci yake yana gardama, amma da ya ji hukuncin nan bai yi gardama ba. Ya cire hula ya ajiye a ƙasa. Da ƙyar ya ce a ƙone burusansa da fentinsa, a rufe ateliyen, ya koma noma, a bar masa adakar. Mai unguwa ya ce ba burushi ya ci mutuncin Alhaji ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji idona ya yi zafi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na tausaya wa kaina, don in adakar ta tafi ateliye ya mutu, ni kuma in ƙare rayuwata ina rubuta ANA SAYAR DA ƘANƘARA a bangon mutane.

Sai Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce kafin a sa wuta yana so ya ga takardar da idonsa. Maigida ya buɗe adaka, ya zaro jakar ramammu, ya lalubo hoton, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya karɓa ya riƙe nesa da fuska, ya matso da shi kusa. Muna jira ya yayyaga. Ni da nake durƙushe kusa da shi na lura ba fuskar yake kallo ba, babban yatsansa na kan kafaɗar saurayin, yana shafa wurin.

"Isuhu, ina mai hannun ga?"

Maigida ya ce ya yanke ta, ranka ya daɗe.

"Na ga ka yanke ta. Ina ka kai ta?"

Maigida ya ce in dai tsohuwa ce, tana jakar tsofaffin mata. Alhaji ya juya wajen ƙanensa ya ce ya rufe kwalbar nan. Sa'an nan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, hannun Innarsu ne. Munduwar ce kaɗai abin da ta ƙi sayarwa a shekarar. Ta rasu kafin ruwa ya sauka, ba ta taɓa yin ko katin shaida ba balle hoto, Sale kuma lokacin bai wuce goyo ba. Ya ce shi kansa yanzu in ya rufe ido muryarta yake ji, fuskar ta gudu.

Mai unguwa ya yi tari ya ce to, a nemo ta mana, wuta ba ta sauri.

Abin da ya biyo baya, da ba a gabana aka yi ba da na ce ƙarya ne. Kotun da ta yanke wa adaka hukuncin kisa ita ce ta zauna dirshan a tabarma tana tone cikinta. Aka zazzage jakar tsofaffin mata, aka raba wa kowa tuli. Mai unguwa ya ɗago wata Baturiya da hular zinariya a ka yana tambaya ko ita ce. Wani dillali ya ɗauko wata jaka daga ƙasa, sai ga mawaƙa mata da tufafin da bai kai a kira shi tufafi ba. Maigida ya yi maza ya ce na allon masu gyaran gashi ne. Mai unguwa ya yi istigfari ya kau da kai, amma ni na ga sai da ya sake dubawa don ya tabbatar da girman laifin.

Maigida ya ce a daina duba fuska, tunda Alhaji kaɗai zai gane ta, a nemi wadda ba ta da hannun dama. Sai ga masu dungu sun fi a ƙirga. Almakashinsa ya nakasa rabin matan duniya. Duk wadda aka samu a miƙa wa Alhaji, ya kara da kafaɗar hoton, ya girgiza kai. Rana ta take, aka ja tabarmi aka bi inuwa. Jaka ta ƙare ba a same ta ba. Aka duba ta masu goyo, aka duba ta masu kuka, babu. Na ga maigida ya fara zufa irin wadda ba ta zafi ba, don yanzu in ya ce ta ɓace, ya yar da uwar mutum ke nan a bola, kuma wannan ya fi allo muni. Sale na tsaye, kwalba a hannu, bai zauna ba bai kuma taɓa takarda ko ɗaya ba.

Maigida ya dafe kai ya roƙi Alhaji ya tuna masa yadda aka yi aka ɗauki hoton. Alhaji ya ce me zai tuna, suna layi ne tun asuba, Bature ya zo yana ta ja da baya yana neman inda zai tsuguna, bai duba ba ya zauna daram a kan ƙarangiya. Ya miƙe yana tsalle yana cire ta daga wando. Alhaji ya ce shi yunwa ba ta bar shi ya yi dariya ba, amma Inna sai da ta dafa kafaɗarsa don kar ta faɗi.

Maigida ya yi tsalle kamar shi ma ƙarangiyar ya zauna a kai. Ya jawo jakar dariya, wadda yake ɗebo haƙora a ciki in zai yi allon masu shayi. Hajiya Balki ce ta zaro hoton, tsakanin wani ɗan siyasa da wata mai tallar sabulu. Mace ce siririya da baƙin kallabi, kai a ɗage, baki buɗe tana dariya, hannun dama ya ƙare a wuyan hannu. Alhaji ya ajiye takardun biyu a kan gwiwarsa ya matso da su. Yankan ya haɗu, munduwa ta koma hannun mai ita.

Sale ya ajiye kwalba ya matso ya miƙa hannu zai karɓa, sai ya tsaya ya shinshina yatsunsa. Ya juya ya je wajen buta, ya wanke da ƙasa, ya wanke da ruwa, ya goge a rigarsa, ya sake shinshinawa, ya sake wankewa. Sa'an nan ya dawo ya durƙusa gaban yayansa.

"Yaya, ita ce?"

"Ita ce."

Sale ya daɗe yana kallo. Ya ce ashe a wurinta suka samo wushirya. Ƙaton saurayin da ya zo ƙone mu ya kifa kai a gwiwar yayansa, kafaɗunsa na rawa. Hajiya Balki ta ja mayafi ta rufe fuska, mai unguwa kuma ya shiga neman wani abu a aljihu wanda har yau bai samu ba.

Da aka natsu mai unguwa ya tambayi Alhaji maganar hukunci. Alhaji ya ce wutar da za ta ci adakar da ta ajiye masa uwa ba a ƙirƙiro ta ba tukuna. Aka ce to allon fa, a shafe? Alhaji ya tambayi maigida wane ne wancan ƙaton mai sakace. Maigida ya sosa ƙeya ya ce tumbin na wani minista ne, wuyan na ɗan kokowa, kan kuma na mawaƙi.

"Wato yunwata ka nuna wa duniya, ƙoshina ka ba baƙo? Shafe shi. In za ka sa ni a kafin ci, ka sa ni a bayan ci."

Haka kuwa aka yi. Alhaji ya zo ateliyen nan da kujerunsa biyu ya zauna aka zana shi, karo na farko da maigida ya zana mutum mai numfashi. Sai da muka ƙara katako a gefen allon don tumbin ya samu wuri, na ministan ashe wasan yara ne. Sunan Kafin Ci bai mutu ba, amma ya daina cizo, don shi da kansa yake kai baƙinsa rumfar ya nuna musu da sanda ya ce ga inda ya fito. Hajiya Balki har ta rasu ba ta yarda ta karɓi kuɗin tuwonsa ba, shi kuma bai taɓa cin ƙasa da malmala huɗu ba, kowa ya san wanda ya ci riba.

Inna kuwa maigida ya zana ta a babban allo, da hannunta cikakke da munduwarta, ba aron hanci ba aron ido. Bai taɓa daɗewa a kan aiki kamar wannan ba, kuma bai bari na sa ko baƙi ɗaya a ƙasa ba. Tana ɗakin Sale har gobe.

Labari ya bazu, sai ga mutane ranar kasuwa daga Birnin Lalle, daga Rumbu, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba, suna sallama suna cewa a duba musu ko akwai nasu a ciki. Waɗanda suka so a ƙone adakar, wasunsu da kansu suka dawo a ɓoye suna tambaya. Yawanci ba a samu. Wani lokaci a samu rabi, ɗayan rabin ya bi wata jaka ko ya bi iska. Maigida ya ƙare shekarunsa yana kara yanka da yanka yana liƙewa da ƙaro, kaɗan ne suka haɗu. Waccan magana tasa ta mutumin jarida, daga ranar ban sake jin ta a bakinsa ba. Da zai rasu bai bar mini gona ba bai bar mini gida ba, adakar ya bar mini, da almakashin, ya ce in riƙe ɗaya in yi hankali da ɗayan.

Abin da na koya a sana'ar nan ke nan. Mu masu fenti mun ɗauka fuska kayan aiki ce kamar ƙusa da katako, sai ka tsinta ka yi amfani. Shekaranjiya na ga ɗayanku, ba zan faɗi suna ba amma ga shi can yana kallon ƙasa, ya sauko da hoton wata yarinya daga salula zai sa a tallar maganin tsutsar ciki, ya sa yatsa biyu ya gutsure wanda ke tsaye kusa da ita. Ban hana ku tara hotuna ba, da su muke ci. Amma kafin ku yanke, ku duba kafaɗar mutum ku ga hannun wa ke kai. Yanzu ku tashi mini daga kan adakar, akwai wata tsohuwa daga Korahane tana jira a waje tun ɗazu, ta ce a duba mata ɗanta.